Geron da Gwaggo Ta Hana A Ci

Daga Allah muka fito, kuma can za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni riƙo tun ina yaye, ta amsa kiran Ubangijinta cikin zafin bazarar bana, a ɗakinta na Runjin Sambo, bayan ta yi sallar la'asar a zaune.

Ban san yawan mutanen da suka taɓa kwana a gidan nan ba sai da aka fito da makara. Lungunmu ya cika har masu keke suka riƙa juyawa ta baya. Yawancin waɗanda suka zo ba 'yan unguwa ba ne. Mutanen ƙauyenmu ne na gabas, waɗanda 'yan bindiga suka taso daga gidajensu, suka watsu cikin Sakkwato, wasu a Gidan Igwai, wasu a kangayen bakin gari. Na ga dattijon da a da rumbunansa suke jere kamar ɗakuna, ya jingine kurar ruwan da yake turawa a bakin masallaci, ya shiga sahu.

Liman ya ce, "Wagga baiwar Allah ba ta taɓa aiko mini da tambaya a kan kanta ba. Kullum haƙƙin wani take tambaya."

Wata tsohuwa a cikin gida tana share hawaye ta ce, "Faɗa gare ta, Allah Ya gafarta mata. Amma sai ta aje maka tuwo tukuna, kana ci tana yi maka faɗan."

Baffa, ƙaninta, wanda shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, ya keɓe kansa. Yana zaure da carbinsa. In an ce masa ya haƙuri, sai ya ɗaga kai ya ce da godiya, ya mayar da kai ƙasa.

Ranar addu'ar uku da hantsi, muna zaure ana karɓar gaisuwa, sai ga Mai Nono a bakin ƙofa. Bafillatana ce da ta daɗe zaune a gidanmu, kuma ba ta taɓa leƙa zaure maza na ciki ba. Ta ce, "Ɗan Gwaggo, taso. Ana surfa iri."

Ban tsaya neman takalmi ba. A tsakar gida na tarar da 'yan mata kan turame, ga dammunan geron da suke rataye a rufin madafa an sauko da su. An sussuke mafi yawa, an surfe, har an wanke. Yaya, 'yar Gwaggo tilo, wadda take aure a Kano tun ina yaro, tana tsaye tana ba da umarni.

Na ce, "Yaya, a dakata don Allah!"

Ta ce, "Lafiya? Gumbar sadaka za a yi. Me ya fi dacewa da ita irin abin da ta noma da hannunta? Ko so kake in aika kasuwa a auno mata na baƙi, ga nata na rataye hayaƙi na ci?"

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Ƙauna ce ta sa ta. Sai dai geron da aka surfe ya gama tsiro har abada. Abin da ya tsira ƙaramin dami ɗaya ne, da 'yar tsaba a gindin ƙwarya wadda Mai Nono ta riga ni komawa ta zauna a kanta ta ƙi tashi. Na kwashe su na kai ɗakina na kulle. Aka yi gumbar da sauran, aka raba. Mutanen ƙauyenmu da yawa sun gane ɗanɗanon, suka riƙa ci suna kuka.

Geron nan shi ne irin ƙauyenmu. Gargasa ne, mai gashi a jikin zangarniya, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, kuma yana nuna da wuri ko ruwa ya ɗauke. Kakanninmu sun zaɓe shi shekara bayan shekara har ya saba da ƙasarmu. An ƙone rumbunan ƙauyen. Iyakar saninmu, abin da ke rufin madafar Gwaggo shi ne na ƙarshe.

Na fara zuwa ajin manya da furfura a gemu, Gwaggo tana tsokanata wai sai na tsufa zan koyi zanen ƙafar kaza. Da zanen ƙafar kazar nake son in ajiye labarinta, don jikokinmu su san wace ce.

Yaƙi biyu Gwaggo ta gani, kuma ba ta taɓa ganin filin daga ba. A na farko tana amarya, mijinta ya shiga soja, aka kwashe su a mota zuwa kudu. Tana da cikin Yaya. Ta ce a lokacin duk gidan da ke da rediyo ya zama kamar kasuwa, mata na tsaye a bayan zana suna saurare, ba sa gane sunayen garuruwan da ake faɗa. Mijin bai dawo ba, gawarsa ma ba ta dawo ba. Ta daɗe ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba. Da dakan fura da sayar da daddawa ta riƙe kanta, ta aurar da Yaya, ta raine ni.

Na biyu kuwa ya same ta da tsufa. Wata rana da azahar motar itace ta tsaya a bakin lungu, mutane suka riƙa saukowa, mata da goyo, tsofaffi, babu mai riƙe da abin da ya fi ƙullin tsumma. Baffa na cikinsu, ƙafa ba takalmi. Gwaggo ta shimfiɗa tabarmi, ta sa aka dama fura. Sai da kowa ya sha, ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa ya zo da iri?"

Baffa ya ce wa yayarsa, "Yaya, da rayukanmu munka tsira, ke kina zancen iri?"

Ta ce, "Na ga rayukan, na gode Allah. Iri nika tambaya."

Wata dattijuwa ta kwance ƙullinta. Ashe da za ta gudu, abin da hannunta ya kai gare shi 'yan zangarnun da ta rataye a ƙofar ɗaki ne. Ita kanta kunya take ji, wai ta bar kwanukanta ta ɗauko abin banza. Gwaggo ta karɓa da hannu biyu kamar an miƙa mata jariri.

Daga ranar gidanmu ya canza. Zaure ya zama ɗakin kwana, rumfar awaki ma an share an sa labule. Yaran da suka zo, da sun ji ƙarar babur sai su ruga ƙarƙashin gado, ga shi a Runjin Sambo babur ba ya daina wucewa. Gwaggo ta riƙa zama da su a ƙofar gida tana nuna musu, "Wancan mai kai 'yan makaranta na, wancan mai burodi na, ka ga ko kaza ba ya iya kamawa." A hankali suka fara dariya. Manya kuwa waya ce abin tsoronsu. In ta yi ƙara da baƙuwar lamba, sai ka ga mutum ya riƙe ta yana kallo, ya kasa ɗauka. An yi mutuwa a ƙauye ba a je jana'iza ba. An ɗaura aure a tsakar gidanmu babu kiɗa, don uban amarya yana hannun mutanen daji. Fura ta koma ta ruwa zalla, saboda masu kawo nono sun daina shigowa.

Abin da ya fi damun Gwaggo shi ne mazan. Mutanen da ba su taɓa wayar gari ba aiki ba, sai ga su a gindin bango daga safe har yamma. Takan ce, "Wancan yaƙi ya ɗauke muna maza ya bar muna gonaki. Wanga ya ɗauke gonakin ya bar muna maza zaune. Ban san wanda ya fi ciwo ba."

Da damina ta faɗi, ta je ta roƙi aron wani fili a bayan gidanmu wanda mai shi bai gina ba. Ta nemi maza su yi mata saran shuka, kowa ya ce jikinsa ya mutu. Ta ɗaura ɗamara ta ɗauki sungumi da kanta, ita da matan gida. Ni ban taɓa noma ba, a birni na tashi, facin taya nake yi a kan hanyar Kalambaina inda manyan motoci ke ɗaukar dutse. Aikina a gonar ɗebo ƙaya in yi shinge saboda awaki.

Tana da dokokinta. Ba ta yarda a shuka geron kusa da na wani, wai gero yana auratayya da maƙwabci, in iska ta haɗa su ya tashi daga namu. Ba ta bari iri ya daɗe a ajiye, kowace damina sai an mayar da shi ƙasa, don tsohon iri zuciyarsa mutuwa take yi. In kaka ta yi, ita za ta bi gonar da wuƙa, tana dafa kowace zangarniya, ta zaɓi masu tsawo da cika, ta ɗaure, ta sa in rataye mata a inda hayaƙin murhu ke bugu don kada ƙwari su ci. Ragowar ce kawai ake ci.

Wata shekara abinci ya yi wuya ƙwarai, ana tsakiyar damina, sabo bai zo ba, tsoho ya ƙare. Gidan ya kwana ya wuni ba a ɗora tukunya ba. Baffa ya shigo ya jingina tsani a bangon madafa. Abin da ke sama ragowar irin da take ajewa ne ko da shuka ta ƙone. Gwaggo ta fito ta kama ƙafar tsanin.

"Sauka."

"Yaya, ɗiya na kuka."

"Ina jin su, ba kurma nike ba. Sauka."

"Hatsi na rataye bisa kanmu muna mutuwa da yunwa? Wane hankali na wanga?"

"In kun ci shi yau, gobe da safe yunwar ta dawo. Ran da hanya ta buɗe, mi za ka kai gida? Hannunka?"

"Wace hanya? Wa ya ce miki za mu koma?"

"Ni na ce. Tun kana tsirara nike ɗaukarka, ba ka fi ƙarfin in jawo ka ƙasa ba."

Ya sauko. Ita kuma ta shiga ɗaki ta kwashe jeren kwanukanta na aure, waɗanda ta yi shekaru tana gogewa ba ta taɓa cin abinci a ciki ba, ta ɗora wa maiɗakina a ka. Kafin la'asar sun dawo da masara da garin rogo. Baffa ya ci, amma ya yi kwanaki ba ya gaishe ta. Ita kuwa kullum da safe sai ta aika masa da kunu, ta ce a faɗa masa mai tsani na gaishe shi.

Zuwan Mai Nono ma rigima ce. Gwaggo ta tsince ta a bakin tasha, ita da jikokinta, an ƙone rugarsu an kore shanun. Da ta shigo da ita, matan gida suka tsuke fuska. Wata ta ce a fili, "Danginsu sunka kashe muna maza, yanzu kuma mu ci ƙwarya ɗaya?" Wasu suka ce in ta kwana, su za su tashi.

Gwaggo ta ce, "Ku dubi ƙafafunta." Suka duba, duk sun tsage suna jini. Ta ce, "Ranar da kunka zo, haka naku suke. Abin da ya koro ku shi ya koro ta. Mai tashi ga ƙofa, amma ya bari ya ci tuwo tukuna."

Babu wadda ta tashi. An daɗe ana harara a bakin murhu, ba zan ɓoye ba. Amma da damina ta zagayo, Mai Nono ce ta riƙa bin turakun unguwa tana tara taki tana kaiwa gonar, ba wanda ya sa ta. Wadda ta yi waccan magana, ita ce daga baya ta yi wa jikar Mai Nono wankan jego.

Bayan addu'ar bakwai muka zauna a zaure, ni da Baffa da Yaya, a kan abin da ya rage. Yaya ta riga ta ji labarin duka, ta yi kuka har ta gode Allah. Ta ce duk abin da muka yanke ta yarda.

Baffa ya ce, "A haɗa shi da sadakar arba'in a huta. Mai filin bayan gida ya zuba harsashin gini, kun gani da idonku. Mai yin wahalar ta tahi. Iri na mai gona na, mu ko ba mu da gona."

Na ce, "Baffa, a ba ni shi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai? Ka san bambancin gero da ciyawa in sun tsiro?"

"Ban sani ba. Zan koya."

"Taya ka iya liƙewa, ɗana. Ƙasa ba taya ba ce. Ni dai na gama. Ban ƙara duƙawa a ƙasar aro, ana kallona kamar mai bara."

Na ce na ji, amma a ba ni. Ya kaɗa hannu ya ce in yi abin da na ga dama.

Na yi ta neman wuri. Cikin gari duk inda na samu, ko an fara gini, ko akwai geron wani a gefe. A ƙarshe wani direba da nake yi wa faci ya haɗa ni da wani dattijo mai fili a bayan wani tsohon ramin dutse, can gaba da Kalambaina. Wurin tsakuwa ne, shi ya sa ba mai nomawa, shi ya sa kuma babu geron kowa kusa. Na kwashe duwatsun da hannu. Mai Nono ta tara taki, na riƙa ɗaurawa a bayan keke. Da aka yi ruwan shuka, na rufe rumfar faci, muka tafi ni da ita da maiɗakina. Na bar zangarnu kaɗan a rufin madafa ko da wani abu, sauran muka zuba a ƙasa da bismillah.

Wani wurin ya fito, wani bai fito ba. Inda ya fito kuwa ya fito cunkus, kowane rami kamar tsintsiya. Murna ta kama ni. Kullum da safe kafin in buɗe rumfa sai na je na duba. Mai Nono ta ce a rage su, na ce Allah Ya kiyaye in tuge ko ɗaya, bayan da ƙyar muka same su. Ba a daɗe ba suka fara yin rawaya, suka sirance, suka tsaya cak. Na ƙara taki, ba su motsa ba. Na rasa abin yi, sai in tsuguna a gefensu in yi ta addu'a.

Abin da ban sani ba, Mai Nono ta je ta tsaya a bayan zaure inda Baffa zai ji, tana faɗa wa maiɗakina da ƙarfi cewa geron Gwaggo ya kusa mutuwa a hannun mai faci, kuma dattawan da suka san noma sun zama kamar mata masu jego.

Washegari da safe, an kwana ana ruwa, ina tsugune a gonar sai na ji tsayuwar keke. Baffa ne. Bai yi mini sallama ba. Ya tsaya yana kallon shukar, ya girgiza kai, ya tuɓe riga ya rataye a kan ƙaya. Ya duƙa a kan ramin farko ya cafki tsiron ya tuge.

Na ce, "Baffa! Kashe su za ka yi?"

"Kai ka kashe su, da tausayinka na banza. Wa ya gaya maka ana barin gida guda su ci ƙwarya guda su ƙoshi? Uku aka bari, in ya yi yawa huɗu. Riƙe nan."

Ya cika mini hannu da waɗanda ya tuge. Na tsaya ina kallon su.

"Mi kake kallo? Ba zubarwa za ka yi ba. Ga ƙasa da danshi, je ka dasa su inda bai fito ba. Datse musu kai kaɗan. Danna da diddige, ba da yatsa ba, wai kai ba ka taɓa ganin ana dashe ba?"

Haka muka yi har rana ta take, shi yana ragewa yana faɗa, ni ina dasawa. Da muka kai ƙarshen kunya ya miƙe da ƙyar, yana dafe da ƙugu, gumi na zuba. Ya ɗebi ƙasar ya murza a tafin hannu, ya ce wannan ba ƙasa ba ce, wahala ce, ta gonarsa ta bakin fadama ko man shanu albarka. Ya juya ya kalli gabas. Sannan ya ce, "In ya nuna, kada ka kuskura ka sa mashi wuƙa. Ni ka zaɓen iri. Kuma gobe ka zo da hauya biyu, akwai wanda zan taso daga gindin bango."

Yau da nake rubutun nan geron ya kai mini gwiwa, ya yi baƙi-ƙirin don kore. Dattawa huɗu ke zuwa noma, suna gardama a kan wanda ya fi iya riƙon hauya. Hanyar ƙauyenmu ba ta buɗe ba, ban kuma san ranar da za ta buɗe ba. Abin da na sani, in Allah Ya ba mu rai za mu girbe, mu rataye, mu sake shukawa baɗi, ko a nan ko a wani aron. Duk ɗan ƙauyenmu da wannan rubutu ya isa gare shi, ya sani rabonsa na nan. Ranar da ya ɗaura niyyar komawa gida, ya biyo ta Runjin Sambo da ƙwaryarsa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa duk ƙwayar da ta tsiro ta zama nauyi a mizaninta. Mu kuma Ya ba mu ƙarfin duƙawa har ranar da za mu kai shi gida.